Kyandir a Tafin Yapendo

Tun da aure ya kawo Hamna unguwar Mayo Gwoi daga Sunkani, ƙamshi ɗaya take nema. Da hantsi takan narka kakin zuma, ta ɗiga turare, ta kafa lagwani a ƙananan gwangwanaye, ta zuba. Matan ofis suna rububin kyandirorinta, amma ita in ta kunna sai ta girgiza kai. Ƙamshin ɗakin marigayiya innarta take so. Ta gwada sandal, ta gwada kanumfari, ɗakin ya ƙi dawowa.

Ran nan Yapendo, ƙanwar innar, ta zo daga ƙauye. Ta ɗauki gwangwanin da kakinsa ke da sauran laushi, ta lakato, ta murtsuke a hannu.

"Yapendo, ba man shafawa ba ne, kunnawa ake yi!" in ji Hamna.

"Ɓingel am, 'yata, abu mai daɗi haka a ba wuta?" Tsohuwar ta shafa mata ragowar a kumatu.

Hamna ta lumshe ido. Turaren ya haɗu da hayaƙin itace da man shanun da suka kama tafin nan mai ɗumi, sai ga ɗakin Inna har da gadonta. Ta danne hannun a fuskarta, ta ƙi saki.