Yadda Malam Sama'ila Ya Gyara Hanya a Kwamfuta

Shekara talatin da uku Malam Sama'ila ya yi a ɗakin buga takardu na wata ma'aikata a Kaduna, kuma ba a taɓa dawo masa da wasiƙa an ja mata jan biro ba. Daga Soba ya zo garin yana saurayi, ya fara da tafireta mai ƙara, ya ƙare da kwamfuta, ya yi ritaya a shekarar 2019. Darasi ɗaya ya riƙe a aikin: takarda ba ta hawa sama sai ta yi wanka. Daftari na ƙasa ne, ba ya zuwa gaban manya. Ko mai koke ya kawo takarda jiƙe da hawaye, Malam Sama'ila zai jera masa maganar dalla-dalla, ya buɗe da gaisuwa, ya rufe da biyayya, har mai karatu ya rasa ko kuka ake yi ko godiya. Matarsa Atika ta daina rubuta jerin cefane a gabansa tun ranar da ya gyara mata rubutun daddawa.

Da ya zauna gida, ƙungiyar masu gidaje ta layinsu a Abakpa ta naɗa shi sakatare. Damuwar layin ɗaya ce: hanya. Tsawonta mita ɗari shida da arba'in, ramukanta arba'in da bakwai, shi da kansa ya ƙirga. Wasiƙa biyar ya rubuta a kanta, duka aka yaba tsarinsu.

A watan Yulin bara sanarwa ta fito cewa wani kwamiti zai zaɓi hanya guda cikin shida a gyara. Kowace unguwa minti uku, kuma ta zo da bidiyo. Shugaban ƙungiya, Malam Istifanus, tsohon malamin makaranta ne, 'yarsa Gloria kuwa tana da shagon haɗa bidiyon biki a Kawo. Ita ta ba su aron wata 'yar kyamara kamar kwalin ashana, irin wadda ake ɗaurawa a hular kwano. Aka ɗaura wa Sabo, magidancin da ke raba biredi a babur, aka ce ya bi layin daga bakin titi zuwa ƙarshe, da safe bayan ruwan sama.

Sabo ya bi. Kyamara ta ɗauki komai: sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama, ruwan taɓo ya fallatso, akwatin biredi yana ta ƙara, a rami na goma sha tara kuma Sabo ya faɗi wata kalma da ba a faɗa gaban suruki.

Malam Sama'ila ya sa bidiyon a tsohuwar kwamfutarsa. Bidiyon ya yi daƙiƙa biyu ya tsaya, ya zabura, ya sake tsayawa, murya tana gaba hoto yana baya. Da ya tuna cewa kwamfutar kwamiti ba za ta fi tasa ƙuruciya ba, sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Kawo.

“Baba, abu biyu ne a nan,” in ji Gloria bayan ta kalla. “Na farko maƙalewa. Kyamarar ta ɗauka da girman da ya fi ƙarfin kwamfutarka, hoto sittin a kowace daƙiƙa. Kamar a ɗora wa jaki kayan tirela ne. Zan fitar da shi a ƙaramin girma, dubu ɗaya da tamanin, hoto talatin a daƙiƙa, da tsohon tsarin da kowace kwamfuta ke ganewa, in rage masa nauyi. Ko majigin coci zai ja shi.”

Malam Sama'ila ya rubuta lambobin a littafinsa, ya ja musu layi. Minti goma aka gama. Bidiyo ya tafi daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba.

“Na biyun fa?”

“Girgiza. Wannan kuma ba laifin kwamfuta ba ne, hanyarku ce.”

Ya sake kallo, ya ji jiri. Ya hango shugaban kwamiti, babban mutum, zaune a kujera ana jijjiga masa ido minti uku cur. A iya saninsa ba a yi wa manya haka.

“Ba a iya kwantar da ita?”

“Ana iyawa. Akwai wurin da nake dannawa idan mai ɗauka ya yi rawa tare da amarya. Amma Baba, girgizar ba ita kuka je nema ba?”

“'Yata, kin taɓa kai takarda ofis?”

“Ban taɓa ba.”

“To ni shekara talatin da uku ina kaiwa. Danna.”

Ta danna, ta kai rabi. Ya ce ta ƙara. Ta kai ƙarshe, ta gaya masa cewa idan aka kwantar da hoto haka sai an yanke gefe da gefe, kuma a gefen ne lambatun da ya rufta yake.

“Lambatun yana cikin sakin layi na uku a wasiƙa,” in ji shi.

Daga nan sai hannu ya buɗe. Ya ce hoton ya yi duhu, a ƙara haske. Aka ƙara, ruwan ramuka ya ɗauki launin sararin sama. Ya ce a cire muryar Sabo. Gloria ta ce in an cire ashar ɗin sai ƙarar biredi da ta babur su bi shi, bidiyo ya zama kurma. Ya ce a sa kiɗa mai taushi. Abin da ke hannunta na shigowar amarya ne, shi aka sa. A farko aka rubuta gaisuwa da lambar wasiƙa, a ƙarshe aka rubuta: Mu ne naku masu biyayya.

Gloria ta zuba masa kwafi biyu, mai girgiza da marar girgiza, a filas biyu, 'yan na'urorin nan da ake sokawa a kwamfuta.

“Baba, don Allah ka tafi da duka biyun.”

Ya tafi da su gida. Mai girgizar ya sa a ambulan ya rubuta Daftari, ya kulle a durowa. Ɗayan ya nuna wa Atika. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, “Malam, wace unguwa ce wannan? Da a can muka sayi fili.” Ya ɗauka yabo ne.

Ranar Alhamis, ashirin da huɗu ga wata, aka taru. Unguwar farko ta zo da bidiyon waya wanda wata mata ta ɗauka daga cikin keke napep. Hoton a karkace, yatsanta ya rufe kusurwa, ana jin ta tana salati. Sau huɗu ya maƙale, na huɗun kuma ya daskare a kan wata akuya tsaye cikin ruwa har wuya, ya ƙi motsi. Malam Sama'ila ya sunkuyar da kai don kunyar da ya ji musu. Shugaban kwamiti kuwa ya daɗe yana kallon akuyar, ya ce, “Subhanallahi.”

Su ne na biyar. Kiɗa ya tashi, majigi ya haska. Layin Abakpa ya shimfiɗu a bango kamar an ɗauke shi daga jirgin sama mai shirin sauka. Gidaje suna wucewa a natse, ruwa yana sheƙi, ko sau ɗaya hoto bai tsaya ba. Wani ɗan kwamiti yana kaɗa ƙafa. Malam Istifanus, wanda bai ga wannan kwafin ba sai yanzu, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Ma sha Allah,” in ji shugaban kwamiti. “Yaushe aka yi muku aikin?”

Malam Sama'ila ya ce, “Ranka ya daɗe, ba a yi ba. Ramuka arba'in da bakwai ne. Idan aka duba shafi na biyu...”

“Malam, mun ce bidiyo ne don mun gaji da shafi na biyu. Ni ban ga inda babur ɗin nan ya ko yi tari ba.”

Malam Istifanus ya miƙe. “Ranka ya daɗe, akwai na asalin. Sakatare, kawo shi.”

“Yana gida,” in ji Malam Sama'ila a hankali. “Daftari ne.”

Shugaban kwamiti ya duba agogo, ya ce minti ukunsu ya cika. Ya ƙara da cewa a duk zaman bai ga aiki mai tsabta irin wannan ba, a bar musu kwafi, zai yi amfani a taron nuna ci gaba na ƙarshen shekara. Malam Sama'ila ya miƙa filas ɗin da hannu biyu. Abin da ya fi ba shi haushi daga baya shi ne daɗin da ya ji a wannan lokacin.

Hanyar masu akuya aka zaɓa. A bakin ƙofa magatakardan kwamiti ya sanar da su cewa an shigar da tasu cikin jerin hanyoyi masu lafiya, kuma wadda ta shiga jerin ba a sake sauraronta sai bayan shekara uku.

Keke ɗaya Malam Sama'ila da Malam Istifanus suka hau. A bakin layi mai keken ya taka birki.

“Nan zan tsaya, iyayena. Ban shiga ciki.”

“Shiga mana,” in ji Malam Istifanus. “Hukuma ta ce lafiyarta ƙalau. Ga wanda ya gyara ta nan zaune.”

Mai keken ya waiwayo ya dubi Malam Sama'ila daga hula har takalmi, ya ce ko injiniya ne ya sauka. Suka sauka. Malam Istifanus ya naɗe wando ya yi gaba. Malam Sama'ila ya cire takalmi ya riƙe a hagu, ya ɗaga fayil sama da dama don kada ya jiƙe, ya sa ƙafa a ruwan.