Tsintsiyar da Ta Yaga Mini Wando

Manang Basyon ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin rubutu a ofishin unguwarmu a Iloilo, ƙasar Filifin. Haihuwa, rasuwa, rikicin maƙwabta kan katanga, duk ta hannunta suke bi. Da ta yi ritaya, 'yarta tilo ta tafi aikin jinya ƙasar waje, zaman gida ya ishe ta, sai ta nemi aiki a gidan karnuka da maguna marasa galihu da ke bayan kasuwar kifi. Ita kuwa tun tana 'yar shekara tara da kare ya cije ta a ƙauri ba ta sake yarda wani ya matso ta ba. Ranar farko ta sa aka juya mata tebur ya fuskanci ƙofa, don kada wani mai ƙafa huɗu ya shigo ta bayanta.

Ni ne mai horar da karnukan. Sunana Efren. Kwas ɗin wata uku na yi a Manila, na dawo da satifiket da usur a wuya, ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro kare. Aikin Manang shi ne ta tsara mini lokutan horo, ta buɗe wa kowace dabba fayil, ta kuma buga waya gidajen da suka karɓi riƙo ta ji yadda ake ciki. Wayar nan ce ke ba ni haushi. Tambaya uku ce kacal aka ce ta yi musu, amma sai ta kwashe rabin awa tana jin labarin surukar mutane da ciwon bayan kakarsu. Har ƙararta na kai wurin Dokta Amparo, likitar dabbobin da ke shugabantar gidan. Dokta ta ce in je in sha ruwa.

Akwai wani jan kare mai yankakken kunne, Kapitan, da aka tsinto a kasuwa. Gida uku suka ɗauke shi, gida uku suka dawo da shi saboda cizo. Ni kuwa sati shida muna tare, ko gurnani bai taɓa yi mini ba. Da na rasa gane kansa, sai na rubuta rahoto shafi huɗu cike da kalmomin da na haddace a Manila, na ƙare da cewa ba ya gyaruwa. Kowa a gidan ya san abin da ke biyo bayan irin wannan rahoto: allurar mutuwa.

Manang ta riƙe rahoton kwana biyu ba ta kai wa Dokta ba. A rana ta uku ta kira ni.

"Toto, zo nan." Ina da shekara talatin da huɗu, amma haka take kirana, kamar yaron da ta aika sayen gishiri. "Ka taɓa yin shara a gaban karen nan?"

"Shara kuma, Manang? Ni mai horo ne fa."

"Ai ga alama nan. Gida na farko, matar na share tsakar gida ya kama ta. Na biyu, kaka ce ta ɗauki tsintsiya za ta kori kaji. Na uku, maigida ne yake kakkaɓe yanar gizo. Kai ne kaɗai ka tsira, saboda Allah bai haɗa hannunka da tsintsiya ba."

Na yi mata dariya irin ta masu ilimi, na ce halin dabba ba a gano shi ta hirar waya. Ranar kuwa ɗalibai mata shida daga makarantar koyon likitancin dabbobi sun zo ganin aikinmu. Na ga dama ta samu. Na fito da Kapitan fili, na sa shi ya zauna, ya kwanta, ya ba ni hannu, 'yan matan suna tafi. Sai na ɗaga murya yadda za a ji daga ofis, na ce yanzu za mu gwada wani camfi. Na ɗauko tsintsiyar kwakwa da ke jingine a bango.

Ban san lokacin da na hau teburin wankan karnuka ba. Abin da na sani, ƙafar wandona ta hagu tana bakin Kapitan tun daga gwiwa, usur ɗina ya faɗa bokiti, ina ihun kiran uwata. Da na saki tsintsiyar, sai ya zauna ya miƙo mini hannu.

Manang ta leƙo ta taga da biro. "Ƙarfe nawa ne, Toto? Ƙafar hagu ko dama? Fayil ba ya son kame-kame."

Daga baya masu kifi suka gaya mata cewa shekara biyu ana korar Kapitan daga rumfuna da tsintsiya. Wata biyu muka yi muna gyara abin. Ina ajiye tsintsiya nesa in ba shi busasshen kifi, kullum ina matso da ita kaɗan, har ya zamana ina shara yana kwance yana hamma. Wani masunci daga tsibirin Guimaras ya tafi da shi a kwalekwale, kuma bai dawo ba.

Bara gwiwar Manang ta matsa mata, ta ajiye aiki. Na ce wa Dokta kada ta damu, zan riƙe teburin kafin a sami wani. A sati na farko na ba karnuka biyu da ba sa ga maciji da juna lokacin horo ɗaya, na kuma aika wa wata mata kyanwar da ba tata ba. Ranar Asabar na sayi burodi mai zafi, na hau adaidaita zuwa gidan Manang da fayiloli cike da jaka.

Ta dube ni, ta dubi jakar. "Nawa ka ɓata?"

"Kaɗan ne, Manang."

"Juye su a tabarma. Ka ɗora ruwan kofi, ka miƙo mini tabarau."