Ramin da Malam Ya Bari a Barikin Kuza

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa. Ni ban shiga aji ba. Ina faɗa ne 'yata Rabi tana rubutawa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Ina amarya ya ɗauke ni daga Ɗanzomo zuwa wani barikin haƙar kuza a ƙasar Jos, lokacin Turawan Ingila ba su tattara ba. Ƙauye ne da aiki ya haifa. Ɗakuna a jere, sanyi har cikin ƙashi, da safe a busa ƙaho maza su fita da diga da shebur. Ga Birom, ga Barebari, ga mu. Ni ce mai ƙosan barikin, kuma wanda ya ci nawa ba ya komawa wurin wata. Ran Asabar in an buga ganga, Malam ya ce shi ba ya rawa, amma ƙafarsa ba ta jin maganarsa.

Da aiki ya mutu, bariki ya watse, muka dawo noman gero. Abokan wasansa suka sa shi gaba: "Na-Kuza, shekara goma kana haƙa a garin wasu. Da a nan ka yi, ai da mun samu rijiya." Yana dariya, amma abin ya zauna masa. Har a ciwon ajalinsa yana ce mini, "Ƙarfina Turawa sun loda a jirgi. Ni rami kawai na bar wa mutane."

Bara na matsa wa Rabi sai da ta kai ni barikin. Ɗakunanmu sun rushe. Ramin kuwa yana nan, ya cika maƙil da ruwa, ya zama tafki. Kewaye da shi kore shar a tsakiyar rani: kabeji, karas, dankalin Turawa, injuna na ta jan ruwa. Mu da muke jan igiya har hannu ya yi kanta kafin guga ya fito, na tsaya ina kallo.

Wani magidanci mai lambu ya gaishe ni. Na ce, "Ɗana, wa ya yi muku wannan tafki?"

"Turawa ne, Mama."

"Ka taɓa ganin Bature da diga? Mijina ne da abokan aikinsa."

Ya durƙusa ya sake gaisuwa, ya ce da wannan ruwa ya aurar da 'ya'yansa uku.

Da Malam ya ga wannan rana, na san abin da zai yi. Tsugunawa zai yi ya ɗebi ruwan ya yi alwala. Ni na yi a madadinsa, na yi masa addu'a a bakin tafkin. Ya tafi bai san ya shayar da gari ba, amma Mai rubuta lada ya sani.