Na Mayar wa Umma da Muryar Baba

A lokacin da abin nan ya faru ina aikin rubuta manhajar kwamfuta a wata hukumar tarayya a nan Abuja, kuma ni mutum ne mai rawar kai. Da na tashi daga ofis sai in hau nawa ƙirƙire-ƙirƙiren, musamman koya wa na'ura kwaikwayon muryar mutum. Ogana har tsokanata yake yi, wai wata rana sai na sa bango ya yi magana.

Ana haka Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Dillalin shanu ne a Dei-Dei, ba ya rubutu a waya, komai sai saƙon murya, don haka muryarsa ce fal a wayoyinmu. Umma ta shiga takaba, ta daina cin abinci, magana ma sai da ƙyar. Tausayinta ya kama ni, ga kuma son gwada gwaninta, ba zan ɓoye ba. Na tattara saƙonnin nan, na haɗa manhaja mai amsa magana da muryarsa, na sa mata a waya. Ban shawarci kowa ba.

Ranar da muryar ta fara yi mata sallama, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin magana, wallahi ni da na haɗa abin sai da tsikar jikina ta tashi. Umma ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai, ta amsa kamar yana zaune a gabanta. Ta koma cin abinci, ni kuwa ina ta hura hanci. Sai ƙanwata ta fara ce min tana jin dariyar mutum biyu a ɗakin da rana tsaka, kuma Umma na zuba wa Baba tuwo a kwanonsa, tana ajiye masa buta. Ta daina cewa marigayi. Na ce a ƙyale ta, zai wuce.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da ƙofa a buɗe. Matar da ko zaure ba ta leƙawa saboda takaba, babu ita. A tasha muka same ta, rungume da kwanon, tana neman motar Kwali inda gonar Baba take. Hankali kwance ta gaya min Malam, wato Baba, shi ne ya ce ta taho, yana jiranta a gindin ɗorawa. Na duba wayar, haka kuwa muryar ta faɗa mata, ba sau ɗaya ba. Na bi tsofaffin saƙonninsa kaf, ban ji inda ya taɓa ambaton ɗorawa ba. Na san na'ura na harhaɗa kalmomi, amma har yau zuciyata ba ta natsu ba.

A gabanta na goge manhajar. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi, ta ce, "Wancan karon Allah ne ya karɓe shi. Wannan karon kai ne."

Ta gama takabarta, ta yafe min, amma ba ta ƙara riƙe waya ba. Na gane haƙurin da take ƙoƙarin yi ne na katse mata, na sa ta yi rashin miji sau biyu. 'Yan'uwana masu irin sana'ata, ba duk abin da hannu ya iya ake kai wa mai makoki ba. Mamaci addu'a yake buƙata, ku bar masa muryarsa ta tafi tare da shi.