Tukunyar Alkamar Sitt Olimbi

Kowace Juma'a, tun kafin mai sayar da wake a bakin layi ya gama jera kwanoninsa, Sitt Olimbi ta riga ta zuba alkama a faranti tana tsince tsakuwa. Ɗakinta yana hawa na uku a wani tsohon bene a Ainu Shams, cikin Alƙahira. Takan wanke alkamar sau uku, ta dafa har ƙwayar ta tsage amma ba ta dame ba, ta shanya a kan farin ƙyalle. Ranar Asabar da safe ta gauraya ta da zabibi da 'ya'yan rumman da kirfa, ta lulluɓe da garin sukari, ta zana gicciye a sama da bakin cokali. Daga nan sai jirgin ƙasa na metro, da faranti a cinya, har tashar Mar Girgis inda tsofaffin coci-coci suke. Wanda ya san wannan jirgi ya san cewa fita da takalmi biyu ma nasara ce, balle da faranti. Shekara arba'in da shida ke nan tana wannan zirga-zirga.

Maƙwabciyarta Hawa, 'yar Damagaram mai sayar da turaren wuta, ta ɗauka sana'a ce. Ranar da aka fara miƙo mata a ɗan kofi, ta lashe cokali ta ce, "Mama, wannan ai sai ki buɗe shago."

Tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. "Ma'alish, yi haƙuri 'yata. Ba a yaba wannan abinci. In kin ci, cewa za ki yi Allah ya jiƙan mai shi."

A ranar Hawa ta san cewa dafaffiyar alkamar sadakar matattu ce a wurin Kiristocin Otodoks. Ana yin ta ranar arba'in da kuma duk shekara, a kai coci, limamin cocin ya karanta sunan mamaci a kanta, a raba wa duk wanda ke kusa.

Sitt Olimbi 'yar Albaniya ce da aka haifa a Masar. Kakanta ya zo daga garin Korca, yana aikin yankan taba. Kiristanci ya daɗe a ƙasarsu tun ƙarnonin farko na addinin. Da Turkawa suka yi mulki yawancin mutane suka musulunta, wasu a arewa suka zauna a Katolika, wasu a kudu a Otodoks, har akan sami zuri'a ɗaya da masallaci da coci. Sai a 1967 gwamnatin ƙasar ta haramta addini gaba ɗaya, ta rufe coci da masallaci, ba ta bar wa kowa ba. Mutum ya mutu, a binne shi shiru. Ko tukunyar alkama ka ɗora, ƙamshin zai iya kai ka gaban hukuma.

To, a lokacin ne wasiƙu suka fara zuwa wa mahaifiyarta. Wasiƙa takan yi wata uku a hanya, an buɗe ta an liƙe, ba komai a ciki sai gaisuwa da labarin sanyi, sannan a ƙasa a ce wane ɗan wane ya kwanta ranar kaza. Uwar ta gane rasuwa ake nufi, sadaka ake roƙo, ta ɗora tukunya. Tun dangi ne kawai har aka koma maƙwabtan dangi. Da uwar ta rasu a 1979, 'yar ta gaji tukunyar da sunayen, kuma wasiƙu ba su daina zuwa ba sai da suka cika ɗari biyu da ɗoriya.

Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne wannan. An buɗe coci-cocin Albaniya tun wajen 1990. Albaniyawan Alƙahira kuma sun watse, wasu Amurka, wasu Girka, sauran suna maƙabarta. Hawa ta taɓa tambayarta me ya sa ba ta huta ba. Ta ce, "Wa ya rubuto ya ce in sauke? Babu."

Ke ce, Sitt Olimbi, kika raka gawarwakin da ba ki taɓa ganin fuskarsu ba. Ke ce dangin marasa dangi, mai tukunya ɗaya da ta ishi gari. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma taki miyar ta ƙare tun tuni ba ki tashi daga akushi ba.

Bana jiki ya fara ƙi. Hannu ya kama rawa, sau biyu faranti yana kifewa a matakala. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Ba mutuwa take tsoro ba, ta gaya wa Hawa, tsoronta Asabar ɗin farko da za ta zo ba a karanta sunan kowa ba.

Ana cikin haka wata Laraba da hantsi wani dattijo ya hau benen yana haki. Sunansa Lazar, daga Korca. Ya tsinci adireshin Alƙahira a kayan gwaggonsa da ta rasu, ya bi shi daga unguwa zuwa unguwa har mutanen coci suka nuna masa nan. Hawa tana ɗakin, ta kawo shayi, kuma ita ta ba ni labari. Ya ce uwarsa ta rasu a 1974 yana ɗan shekara goma sha huɗu. An binne ta ba addu'a, ba arba'in, kuma shekara hamsin abin yana cin sa. Yana so ya ji ko wata wasiƙa ta taɓa isowa.

Tsohuwar ba ta ko taɓa takarda ba. Ta ce, "Biktoriya, matar Spiro maƙeri. Makon biyu na Fabrairu. Wasiƙar ta makara, arba'in ɗinta ya wuce, sai muka yi mata ranar da ta iso. Tun daga nan ba ta rasa shekara ɗaya ba."

Hawa ta ce ba ta taɓa ganin namiji mai furfura ya yi irin wannan kuka ba. Ya durƙusa ya kama hannayen nan masu rawa ya ɗora a goshinsa.

Asabar ɗin da ta biyo shi ya ɗauki farantin a metro. Da suka dawo ta buɗe akwati ta fito da takardun, ɗaure da zare. Ta daɗe tana riƙe da su, don rabuwa da aikin shekara arba'in da shida ba wasa ba ne. Sannan ta miƙa masa. "Sunayen nan baƙi ne a wurina. Ka mai da su gida, a karanta su a cocin garinsu. Khalas, shi ke nan."

Sai ta zaro wata takarda guda daban, ta juya wajen Hawa.

"Waɗannan goma sha ɗaya Musulmi ne. Su ma an rufe musu masallaci, maƙwabtansu suka rubuto sunayensu. Ba na kai su coci, ba hanyarsu ba ce. Burodi nake rabawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, amma addu'arku ban iya ba. Ke kin iya."

Hawa ta goge hannu a zane kafin ta karɓa. Ta ce, "Na ɗauka, Mama."

Mun gode, Sitt Olimbi. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya. Mu kuma da ke karatu da fatauci a wannan birni, kowa ya duba amanar da aka bar masa ba tare da mai sa ido ba, ya riƙe ta yadda wannan baiwar Allah ta riƙe tata. Juma'ar da ta wuce na ga Hawa a ƙofar masallaci da kwandon burodi, tana karanta sunayen Albaniyawa ɗaya bayan ɗaya da bakin Damagaram. Tsohuwar tana tsaye a gefe da sanda, tana gyara mata inda ta karkace.