Burushin da Ban Wanke Ba

Na fara yi wa amare kwalliya ne bayan haihuwata ta biyu. Kafin nan na yi wata uku a wajen Ungogo ina jinyar gwaggona, a can wata maƙwabciyarta mai shagon kwalliya ta koya mini. Da zan dawo ƙauyenmu, gabas da Gezawa, ta haɗa mini ɗan akwati: hoda kala huɗu, jan baki, jagira, gazal na ƙaramar kwalba, soso biyu, da burushi bakwai.

Tun kafin ta koya mini zana gira sai da ta koya mini wanki. Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulun salo a tafin hannu, a murza gashin burushin a hankali har kumfa ta daina fitowa da launi. Ba a barin ruwa ya shiga wuyan ƙarfen, don gam zai saki, gashin ya zube. A matse da tsumma mai tsabta, a kwantar da su a bakin benci a inuwa. Manyan sukan kwana ba su bushe ba.

"Na ido kuwa," in ji ta, "fuska ɗaya, wanki ɗaya. Ko uwarki ce ke biye, sai ta jira."

Shekara biyu ina kiyaye wannan. Sai wata shekara, ana saura mako biyu azumi, bukukuwa suka haɗe mini: Juma'a, Asabar, Lahadi. Na Lahadin na 'yar maƙwabciyata ne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Yaya nake ce wa uwar, ita ta yi mini wankan jego sau biyu. Yarinyar a gabana ta girma, ta gama sakandare, za ta auri wani mai noman albasa da ta daɗe tana so.

Ranar Asabar na je wani ƙauye bayan gonakin gero. Na gama da amarya, ƙawayenta suka yi layi a kan tabarma. Akwai wata a cikinsu sanye da baƙin gilashi. Da ta cire, na ga idonta jajir, kwantsa ta bushe a gefensa.

"Ciwo yake yi?" na tambaye ta.

"Hayaƙin murhu ne, Anti. Tun jiya muke tuya."

Ban yarda ba, amma ana ta kiran a yi sauri mai hoto ya iso. Na tsoma ƙaramin burushin a gazal, na zana mata, na sake tsomawa a kwalbar, na zana ɗaya idon.

Ana kiran magariba na iso gida, bayana kamar zai tsage. Famfon unguwa ya kwana uku a lalace, ruwan randa saura kaɗan, yara ba su ci abinci ba. Na buɗe akwatin, na ga ƙaramin burushin ya ƙandare da baƙi. Na ce a raina in na wanke su duka ba za su bushe ba kafin safe. Wannan gaskiya ce game da manyan. Ƙaramin na ido kuwa, kofi ɗaya na ruwa ya ishe shi, kuma da ya bushe kafin asuba. Na san haka a lokacin. Na goge shi da gefen zanina, na mayar, na rufe akwatin.

Da hantsi na shiga gidan Yaya. Yarinyar na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, lalle ya kama hannunta ya yi kyau, sai dariya take yi, ta kasa tsayar da fuska. Da na zo kan ido na ce ta kalli sama. Gashin burushin da ya ƙandare ya kuɓuce mini, ya taɓa ƙwayar idonta na hagu. Ta zabura.

"Wash, Anti! Kin tsokane ni."

"To ki daina motsi mana, amarya."

Hawaye ya zubo, na ɗauke shi da auduga, na gyara hodar, na ƙarasa. Ta yi kyau ƙwarai ranar. Hoton yana nan rataye a ɗakin Yaya.

An kai ta gidan miji a wani ƙauye, tafiyar rabin awa a babur. Abin da ya faru a can daga baya na ji shi. Kwana uku idon ya fara ja yana ruwa. Amarya ce, tana jin kunyar surukai, ta ja mayafi ta rufe, aka ɗauka kukan rabuwa da gida ne. Da ya kumbura, uwar mijin ta ɗiga mata ruwan sikari, wata ta kawo tozali na gargajiya, mijin ya sayo maganin ɗigawa a kemis. Sai da azumi ya kwana biyar aka aiko wa Yaya.

Ni na raka su asibitin ido a birni. Muka zauna a kan benci tun safe, kowa bakinsa a bushe, yarinyar ta dafe idon da hankici. Da aka kira mu, likitan ya haska fitila ya daɗe yana dubawa. Ya ce gyambo ne a kan baƙin idon, kuma ya ci sosai.

"Wani abu ya taɓa shiga idon? Tsinke, ƙaiƙayi, farce?"

Yarinyar ta yi tunani, ta ce ba ta tuna ba. Ina tsaye a bayanta riƙe da jakarta. Bakina ya buɗe, amma ban ce komai ba. Likitan ya yi faɗa a kan ruwan sikarin da tozalin, ya ce an makara. Yaya ta sunkuyar da kai ta karɓi faɗan kamar ita ta yi.

An yi kusan wata guda ana zuwa ana dawowa. Ciwon ya warke, hakiya ta rufe idon, fari fat. Ba ta ganin komai da shi sai haske.

Bayan sallah da kwana biyu na kasa jurewa. Na samu Yaya a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Na zauna na ja tiren, muka yi ta ɓara, sannan na gaya mata duka: mai baƙin gilashi, kwalbar gazal, gefen zani, tsokanar. Hannunta bai tsaya ba har na gama.

"Likita ya ce burushin ne?"

"Bai ce ba, Yaya. Ban gaya masa ba."

"To ba ki sani ba ke nan. Ni ma ban sani ba." Ta watsa ɓawon a ƙasa. "Abin da Allah ya rubuta mata ne. Amma da kin faɗa a gabansa. Kina tsaye aka yi ta zagin uwar mijinta, tsohuwar mutane."

Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta gaya wa kowa ba, don da ta faɗa da babu mai sake kirana a ƙauyukan nan. Muna gaisawa, muna zuwa wa juna barka da jaje. Amma ta daina miƙo mini kwano ta kan katanga, in na aika mata da abinci kwanon yakan dawo a wanke, ban san wa ya ci ba.

Na jefa kwalbar gazal ɗin a masai, na ƙona ƙaramin burushin a murhu. Na yi wata biyar ban taɓa akwatin ba. Daga baya na koma, don damina ta yi gardama, abin da maigidana ya noma bai kai mu ko'ina ba. Na sayi burushi kashi biyu, in ɗaya na aiki ɗaya na shanya. Wadda idonta ya yi ja, ko 'yar wane ce, ba na taɓa ta. An zage ni a kan haka ba sau ɗaya ba.

Mijin yarinyar bai juya mata baya ba. Shekara ta zagayo ta zo gida wanka, ta haifi mace. Ta koyi juyo da kai gaba ɗaya in ana mata magana ta hagu. Ranar suna da safe ta aiko a kira ni. Na ɗauki sabon burushi a ledarsa, na shiga. Tana zaune a bakin gado da jaririyar a cinya, Yaya na tsaye a bakin ƙofa.

"Anti, a yi mini hoda da jan baki kawai," in ji ta. "Idon a bar shi."

Ta faɗa ne a hankali, ba fushi a muryarta. Ban san ko uwarta ta gaya mata ba, ko ita ta tuna da kanta, ko kuwa ba ta son a ja hankalin mutane zuwa wurin ne kawai. Ban tambaya ba, har yau. Na yage ledar a gabansu, na shafa mata hodar. Yaya ba ta gusa daga bakin ƙofar ba sai da na rufe akwatin na fita.