Lamba Sha Tara

A makarantar kwanan da muka yi a Birnin Kebbi ba a kiranmu da suna. A ajinmu akwai yara bakwai waɗanda iyayensu, ba tare da sun taɓa ganin juna ba, suka raɗa musu suna iri ɗaya. Malamin ajinmu, wanda lissafi yake koyarwa, ya jure mako biyu yana kiran mutum ɗaya mutum bakwai suna miƙewa, sannan ya yanke hukunci irin na masu lissafi: daga yau lambar kowa ta rajista ita ce sunansa. Ni ne Sha Takwas. Har gobe idan ana ƙirga buhuna a kasuwa aka iso sha takwas, sai in ji wuyana ya ɗago da kansa.

Sha Tara ɗan Argungu ne, bencinmu ɗaya, gadonsa yana saman nawa. Mahaifinsa manomin shinkafa ne a fadama, yakan kuma taɓa su idan ruwa ya ja baya, shi kuwa Sha Tara shi ne babban ɗansa namiji. Shinkafa ba ta san jadawalin makaranta ba. Idan ta nuna ta nuna, ka bar ta kwana uku tsuntsaye su yi maka yankan kyauta. Saboda haka duk lokacin yanka, abokina yakan haura katangar bayan kicin ranar Alhamis da la'asar, ya hau a-kori-kura, sai Talata a gan shi a aji, tafin hannunsa duk kanta, yana gyangyaɗi a darasin tarihi.

Muna da wata doka wadda ba a rubuce take ba, amma ta fi na rubuce ƙarfi: wanda ba ya nan, na gabansa a rajista ne zai amsa masa. Hikimar abin ita ce bakinka bai riga ya rufe ba. Malam zai ce, "Sha takwas!" in ce, "Firezan sa," da muryar da Allah ya ba ni, siririya kamar ta sauro. Ya ce, "Sha tara!" sai in cusa haɓata cikin kwalar riga in jawo wata murya daga ƙasan ciki, irin ta masu tallan magani a tasha. Ladana kuwa bandar tarwaɗa ce, a naɗe cikin takardar siminti. Wanda bai taɓa shan miyar makarantar kwana ba, wadda kake ganin fuskarka a cikinta har da ƙurajen, ba zai gane girman wannan lada ba.

Shekara uku muna haka lafiya lau. A aji huɗu aka kawo mana sabon firinsifal, dogo, marar magana, mai yawo da dorina a bayansa kamar yadda wasu ke yawo da carbi. Wata Litinin da safe ya shigo ajinmu daidai lokacin rajista, ya tsaya bayan Malam. Aka kira ni na amsa. Aka kira sha tara. Haɓata ta riga ta shiga kwala, sai idona ya faɗa kan dorinar nan, muryar ta maƙale a wuya. Malam ya sake kira, a hankali. Ya kira karo na uku, bai ɗago kai daga rajista ba. Ajin ya yi tsit, har kana jin ƙarar taɓarya daga kicin. Sannan ya sa wa Sha Tara jan biro.

Ranar Talata Sha Tara ya dawo, aka ba shi hutun dole na mako biyu, aka ce ya zo da mahaifinsa. Mahaifin kuwa yana kwance ba lafiya, shi ya sa ma yankan ya faɗo kan yaron shi kaɗai. Bai sake dawowa ba. Na ga fitarsa da akwatin ƙarfe a ka ta tagar ɗakin karatu, ina riƙe da littafin da ban san ko na mene ne ba. Da na koma ɗakin kwana na tarar da ƙunshin kifi a ƙarƙashin matashina. Zan so in rubuta cewa na kasa ci. Na ci. Yunwar makarantar kwana ba ta san kunya ba, sai dai daga baya kunyar ta zo ta zauna, ba ta kuma nuna alamar tafiya ba.

Daga baya ni ma na zama malamin makaranta. Shekaru ina kiran rajista, ban taɓa kama yaro da laifin amsa wa wani ba, ko da yake ina jin su sarai.

To, bara sai Lamba Huɗu ya tashi da maganar taron tsofaffin ɗalibai. Iyayensa 'yan kasuwa ne daga kudu, amma a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi aka haife shi, a nan yake da shagon kayan gyaran mota, kuma idan ya saki Kabanci mu da muka gada sai mu yi shiru mu saurara. Shi ne monitanmu a da, kuma monita ba ya ritaya. Ashe duk shekarun nan yana ajiye da jerin lambobinmu. Ya buɗe mana zaure a waya, ya kafa doka ɗaya: kowa ya nemo na bayansa a rajista. Cikin wata guda aka tono mutane daga Legas, daga Abuja, daga ƙauyukan da sai da kwalekwale ake shiga. Ni kuwa ina ta tura addu'o'in Juma'a ina kauce wa aikina.

Wata safiya ya kira ni.

"Sha Takwas, kai ɗai ka rage. Kowa ya kawo nashi, har waɗanda sunka rasu an kawo labarinsu."

"Ai bai gama da mu ba," na ce. "A aji huɗu ya bari."

"Rajista nika bi, Malam, ba satifiket ba. Kuma Argungu ba Makka ta ba, ba a neman biza. Ko in zo in kai ka bisa mashin?"

Tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma ta ɗauke ni shekara talatin da wani abu. Ba wai ban taɓa bi ta garin ba. Na sha bi, in sayi kifi a bakin hanya ta tagar mota, in wuce kamar wanda ake bi. Wannan karon na tsaya a tasha zan yi tambaya, sai na ga ba zai yiwu in ce ina neman Sha Tara ba. Sai da na yi tsaye ina tunani kafin sunansa na yanka ya faɗo mini.

A fadama na same shi, lokacin yankan shinkafar rani, yana zaune a rumfar kara yana kallon ma'aikata suna bugun damman shinkafa a jikin ganga, ƙwayar tana zuba kan tamfol. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, injinan ban ruwa biyu suna hutawa a gefensa. Takalmina ya fara kallo, wanda ya riga ya sha laka, sannan ya hau sama a hankali har ya iso fuska.

"Sha Takwas," ya ce, kamar jiya muka rabu. "Har yau ba ka yi jiki ba? Gwamnati ba ta ciyar da ku?"

Na zo da jawabi a shirye, mai gabatarwa da gundari da kammalawa, kamar yadda nake koya wa yara. Gabatarwar kawai na samu na yi, a kan yadda kwanaki ke gudu. Ina shirin shiga gundari ya miƙe ya daka wa wani tsawa don ya bar tamfol ya naɗe, ya dawo ya miƙo mini kwanon fura. Mutum ba ya neman gafara da ludayi a baki. Na sha, na faɗa masa maganar taro: Asabar mai zuwa, wani ɗakin taro a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ƙarfe goma.

"Asabar?" Ya nuna gonar da haɓa. "Ka dai ga shinkafa. Wa za ya kira rajista?"

"Malam da kansa. Yana raye."

Ya yi dariya har da buga cinya. Sannan ya juya yana kallon masu bugu, ya ce, "To, in ban samu zuwa ba, ai ka san yadda ake yi. Ko ko ka mance?"

Duk hanyar dawowa ina juya maganar nan, ban gane ko wasa ce ko wuƙa ba. Jawabina kuwa na dawo da shi gida ko ɓare shi ban yi ba.

Ranar Asabar ɗakin taro ya cika da huluna da tumbi. Mutane suna kallon juna da murmushin wanda bai gane ba, sai an faɗi lamba a rungume juna da ihu. "Kai ne Talatin da Ɗaya? Ina gashin?" "Shi ya bi haƙoranka, Alhaji!" Lamba Huɗu ya hana a kafa teburin manya. Ya jera kujeru bisa tsarin rajista, ya liƙa wa kowace lamba. Wani da ya taɓa riƙe babban muƙami, wanda ya zo da jiniya, ya samu kansa a kujerar ƙarshe kusa da banɗaki, domin shi ne Arba'in da Biyu. Ya yi ƙoƙarin magana, monita ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ba ni na jera ba, ka tambayi wanda ya kawo ka makaranta a makare."

Kujerar da ke damana babu kowa. Na ɗora hulata a kai, na ga bai dace ba, na ɗauke.

Mutum biyu daga cikinmu suka riƙo Malam. Ya ƙanƙance, amma da aka buɗe masa takardar rajista ya gyara tabarau, sai muryar nan ta fito yadda muka san ta. Dattawa masu jikoki suka gyara zama.

"Ɗaya!"

"Firezan sa!"

Aka fashe da dariya, aka ci gaba. Idan aka zo kan wanda ya riga mu, sai duk ɗakin ya amsa da Allah ya jiƙansa, Malam ya ɗan dakata, ya wuce. Idan mai lambar yana raye amma bai zo ba, shiru ake yi, domin yanzu mun girma.

"Sha takwas!"

Na amsa.

"Sha tara!"

Na dubi ƙofa, ba kowa. Na ce a raina, mutum mai furfura, malamin makaranta, a gaban tsohon malaminsa, ya shara ƙarya da rana tsaka? Ba dorina a ɗakin, amma na bar kiran farko ya wuce kamar wancan lokacin.

"Sha tara," Malam ya maimaita, a hankali, bai ɗago kai ba.

Babbar riga ba ta da kwala. Na cusa haɓata cikin wuyan rigar haka nan, na leƙa ƙasan ciki na jawo abin da ya rage. Abin da ya fito ya fi kama da kukan bunsuru mai mura.

"Firezan sa!"

Ɗakin ya kece da dariya. Wani har hularsa ta faɗi. Malam ya cire tabarau, ya dube ni.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Shekara nawa nike jiran amsar ga? Sau uku na kira maka ran nan, yaro. Har hannuna ya gaji da riƙon biro sama."

"Malam, ashe kun sani?"

"Muryar tarwaɗa? Tun kuna aji ɗaya. Ni ma ɗan fadama ne, na san lokacin yanka. Abin da ban sani ba shi ne za ka ba ni kunya gaban baƙo."

Ana cikin dariyar sai wata murya ta taso daga ƙofar baya, mai kauri ta gaske, wadda ba ta bukatar kwala.

"Malam, a gyara. Mai lambar ya iso."

Ya ratso tsakanin kujeru da farar shadda, ana ta kai masa duka a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Malam, sannan ya zo ya zauna a damana, kujerar roba tana kuka.

"Tun lamba goma nike bakin ƙofa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ce ma direba kada ya kashe mota. Na ce bari dai in ji."

"Da na yi shiru fa?"

"Da yanzu mun wuce sha-tale-tale."

Na gyara murya na ɗauko jawabina daga inda na tsaya. "Wato, ɗan'uwa, maganar ran nan..."

"Kai, bari. Kai yaro, ni yaro, dorina ko ba yarinya ba ce." Ya tura mini wani ƙunshi da ƙafa ta ƙarƙashin kujera, takardar siminti ce, mai ya riga ya ɓullo ta gefe. "Ga ladan yau. Na wancan karon, ka ci?"

"Na ci."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa na bar maka."

Malam ya ƙwanƙwasa tebur da biro, muka yi tsit kamar yara. Ya sunkuya kan takardar ya yi alama, ya sake yin wata a gefenta.

"Sha tara ya zo," ya ce, "har sau biyu. Ashirin!"